Nawa tambaya ke cin wuta? Tarihin wani ƙiyasi da ma'anarsa a Korahane

0. Gabatarwa

Tun shekara ta 2023 wata magana ke yawo cikin jaridu da gidajen rediyon duniya, har ta shigo zaurukan jami'o'inmu: wai tambaya guda da aka yi wa na'urar hira, irin ChatGPT, tana cin wutar lantarki ninki goma bisa ga wadda aka yi wa injin bincike na intanet, irin Google. Ana maimaita wannan adadi tamkar abin da aka auna aka tabbatar. A cikin wannan ƙasida za mu bi sawunsa, mu ga inda ya samo asali da yadda ya sauya tsakanin 2009 da 2025. Daga nan za mu aza shi bisa ma'aunin wani wuri takamaimai, wato ƙaramar hukumar Korahane da ke cikin gundumar Dakwaro, jahar Maraɗi.

Abin da muke son nunawa shi ne cewa ƙiyasin yana lissafin wutar da ake ƙonawa can inda ake haɗa amsa, ya bar abubuwa biyu da suka fi shafar mutumin Korahane: wutar da shi kansa yake saye don tambayarsa ta fita, da harshen da ya yi tambayar da shi.

1. Ma'aunai da kalmomi

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi shi ne wat-awa, wato ƙarfin da na'ura mai jan wat guda take ci idan ta yi awa guda tana aiki. Wat-awa dubu shi ne kilowat-awa, wanda ake rubutawa bisa takardar kuɗin wuta ta NIGELEC. Kilowat-awa dubu shi ne megawat-awa, kilowat-awa miliyan dubu kuwa shi ne terawat-awa.

Injin bincike da na'urar hira ba aikinsu ɗaya ba. Injin bincike ya riga ya karanta shafunan intanet, ya jera kalmominsu kamar yadda ake jera ƙamus. Idan tambaya ta zo, sai ya duba jerin ya nuna shafunan da suka dace. Na'urar hira ita ce ke ƙera amsar da kanta, guntu bayan guntu, kuma kafin kowane guntu ya fito sai lissafi ya ratsa miliyoyin dubban lambobin da ta koya lokacin horo. Tsarin GPT-3 na 2020, alal misali, yana da irin waɗannan lambobi miliyan dubu 175. Waɗannan guntaye za mu kira su gutsattsari, tilo gutsure. Gutsure ba gaɓa ba ce, ba kuma ƙwayar ma'ana ba ce yadda masana nahawu suka san ta. Jerin haruffa ne da na'ura ta saba gani tare. Abin lura a nan shi ne, gwargwadon yawan gutsattsarin amsa, gwargwadon wutar da aka ci. Za mu komo kan wannan a kashi na 5.

2. Asalin "ninki goma"

2.1. Butar shayi ta 2009

A watan Janairu na 2009 jaridar Sunday Times ta Ingila ta buga labarin cewa bincike biyu a Google suna fitar da hayaƙin karbon daidai da tafasa butar shayi guda, wato kimanin giram 7 ga kowane bincike. Jaridar ta jingina maganar ga Alex Wissner-Gross, masanin kimiyya na jami'ar Harvard, wanda daga baya ya ce bincikensa bai ambaci Google ba. Kamfanin ya mayar da martani nan take ta bakin Urs Hölzle, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyinsa: bincike guda yana cin wat-awa 0,3, yana fitar da karbon giram 0,2. Wannan adadi na 0,3 shi ne ƙafar farko ta kwatancen da ake yi. Kamfani ne ya bayar da shi don kare kansa, a zamanin na'urorin 2009, aka ci gaba da amfani da shi sama da shekara goma sha biyar ba tare da an sabunta shi ba.

2.2. Ƙiyasin 2023

An fito da ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022. A watan Fabrairu na 2023 John Hennessy, shugaban majalisar gudanarwar Alphabet, kamfanin da ya mallaki Google, ya gaya wa kamfanin dillancin labaru na Reuters cewa hira da irin wannan na'ura kan iya fin bincike na yau da kullum tsada ninki goma. Maganar kuɗi yake yi. A watan Oktoba na shekarar, Alex de Vries, mai bincike ɗan ƙasar Holan, ya buga nazari cikin mujallar Joule, inda ya ɗauki ƙiyasin wani kamfanin nazarin kasuwa, SemiAnalysis, na cewa ChatGPT yana cin megawat-awa 564 kowace rana don amsa tambayoyi miliyan 195. Idan aka raba, tambaya guda ta tashi wat-awa 2,9. Ƙafa ta biyu ke nan. A watan Janairu na 2024 Hukumar Makamashi ta Duniya, wadda mazauninta ke Paris, ta jera adadin biyu gefe da gefe cikin rahotonta na wutar lantarki, 0,3 da 2,9, daga nan "ninki goma" ya samu hatimin hukuma.

Mai karatu zai lura cewa an gwama abubuwa biyu da shekara goma sha huɗu ta raba: ɗaya sanarwar kamfani, ɗaya ƙiyasin mutanen waje waɗanda suka kintaci yawan na'urori daga nesa.

2.3. Adadin 2025

Cikin 2025 wasu lambobi suka fito. A watan Fabrairu cibiyar bincike ta Epoch AI ta sake lissafin bisa sababbin na'urori da matsakaicin tsawon amsa, ta samu kimanin wat-awa 0,3 ga tsarin GPT-4o. A watan Yuni Sam Altman, shugaban OpenAI, ya ba da 0,34. A watan Agusta Google ya ce matsakaiciyar tambayar rubutu da ake yi wa na'urarsa Gemini tana cin wat-awa 0,24 da ruwan sanyaya na'urori mililita 0,26. Biyu daga cikin waɗannan lambobi daga bakin masu kaya suka fito, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa. Duk da haka sun yi kusa da juna, sun kuma yi kusa da adadin binciken 2009.

Wannan bai nuna cewa matsalar ta kau ba. Lambobin sun shafi gajeriyar tambaya ta rubutu. Doguwar takarda, ko tsarin da ke yin dogon lissafi kafin ya amsa, ko ƙera hoto da bidiyo, duk sun fi haka ci nesa ba kusa ba. Horar da na'urar ma yana da nasa kaso: wani nazari na 2021 da David Patterson da abokan aikinsa suka yi ya ƙiyasta horon GPT-3 a megawat-awa 1287. Bugu da ƙari, tun watan Mayu na 2024 Google ya soma saka amsar na'urar hira a saman sakamakon bincike, har iyakar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta fara shafewa. A jimlace, rahoton Hukumar Makamashi ta Duniya na Afrilu 2025 ya ce rumbunan na'urorin intanet na duniya sun ci terawat-awa 415 a 2024, kimanin kashi 1,5 cikin ɗari na wutar duniya, kuma ana hasashen su kai 945 a 2030. Tambaya guda ta yi araha, amma masu tambaya sun yi yawa.

3. Wuta da labari a Nijar

A ƙasarmu zancen wutar da hanyar samun labari ke ci ya girmi intanet, sai dai kullum daga gefen mai karɓa ake yin lissafin. An buɗe Rediyo Nijar a 1958. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari kan taru gun akwati guda su saurari shiri cikin harsunan ƙasa, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu a aika Yamai. Akwati guda ga jama'a masu yawa dabara ce ta wayar da kai, kuma dabara ce ta tattalin batir.

A 1964 aka fara gwajin telebijin na makaranta. Babban ƙalubalensa shi ne yadda za a kunna akwati a ajin da ba layin wuta. A 1968 aka gwada kunna akwatin wata makaranta kusa da Yamai da faifan hasken rana, a lokacin da irin wannan faifai tauraron ɗan Adam aka fi sani da shi. An riga an kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, a 1965, kuma Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya shugabance shi daga 1969. A 1999, da aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare, da hasken rana aka kunna shi.

Layin wuta kuwa ya bi wata hanya dabam. An kafa NIGELEC a 1968, shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a Nijeriya. A 1976 aka jawo layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, a 1994 aka jawo wani daga Katsina zuwa Gazawa don Maraɗi da Damagaram. Dogaro ga maƙwabciya ya kai inda a 2022 wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasa daga can ya zo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta katse layukan a farkon Agusta bisa takunkumin CEDEAO, ba a mayar da su ba sai watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, ta soma aiki a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, a 2023. Bisa lissafin Bankin Duniya, a 2022 kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba.

Wayar salula ita ce ta tsallake layin. Ta shigo a 2001, ta bazu kasuwa bayan kasuwa. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta nazarci kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta samu cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya ga nawa tiyar gero take, yanzu kira guda ya ishe shi. Darasin wannan nazari yana da amfani ga zancenmu: ana auna tsadar tambaya da abin da ta maye gurbinsa.

4. Lissafin daga Korahane

Korahane na cikin ƙananan hukumomin karkara da dokar 2002 ta tsara, aka zaɓi majalisunsu a 2004. Tana yankin da noma da kiwo suka haɗu, inda Hausawa da Fulani da Buzaye ke rayuwa bisa gero da wake da dabbobi, kuma ƙasar Dakwaro ta yi suna wajen zurfin rijiyoyi, waɗanda da shanu da jakuna da raƙuma ake ja. Rijiyar za ta ba mu ma'aunin da kowa ya sani.

A ce rijiya tana da zurfin mita 50. Fitar da ruwa lita 20 daga cikinta yana bukatar kimanin wat-awa 2,7, in ba a lissafa nauyin igiya da wasaki ba. Ke nan ƙiyasin 2023, wat-awa 2,9, daidai yake da jan bido guda na lita ashirin. Adadin 0,3 kuwa jan lita biyu ne. Idan aka koma ga fitila, ƙwan zamani mai wat 5 zai ci 0,3 cikin minti uku da rabi, ya ci 2,9 cikin minti 35.

Yanzu mu dubi gefen mai tambaya. Batirin salular zamani yana ɗaukar wat-awa 10 zuwa 15. Cika shi sau guda daidai yake da tambaya hamsin bisa adadin 0,3. A ƙauyukan da layi bai kai ba, gun mai faifan rana ko mai janareto ake kai waya caji. A ce an biya dala ashirin, wato sefa 100, don wat-awa 15: kilowat-awa guda ya tashi sama da jika shida, alhali mai layin NIGELEC a birni ba ya biyan sefa 150 ga kilowat-awa. Wanda ya fi kowa ƙarancin wuta shi ke sayenta da tsada fiye da ninki arba'in. Kuma ba mu lissafa gazuwal ko faifan ranar da ke kunna antenar kamfanin waya ba, wadda dole ta kwana tana aiki ko da mutum goma ne ke kira.

Wannan lissafi yana juya kwatancen. A gun mutumin Korahane abin da ke cinye batir shi ne lokacin da allon waya ke kunne da nauyin shafunan da ake buɗewa bisa raunannen layi. Injin bincike yana ba shi jerin shafuna masu hotuna da tallace-tallace, mafi yawansu cikin Faransanci ko Ingilishi, sai ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na'urar hira tana aiko da ƴan layukan rubutu marasa nauyi. Mai yiwuwa hanyar da ta fi cin wuta a Amurka ita ce ta fi sauƙi ga batirinsa, muddin amsar ta yi daidai. Amsar da ta ɓatar da makiyayi game da maganin dabba, asararta ta wuce lissafin wat-awa.

Babban adadin kuwa yana da wata ma'ana idan aka kalle shi daga nan. Bankin Duniya ya ba da kimanin kilowat-awa 51 ga kowane ɗan Nijar a shekara ta 2014, wato wajen terawat-awa guda ga ƙasa baki ɗaya. Abin da rumbunan na'urori suka ci a 2024 ya ninka wannan sau ɗari huɗu. Horon GPT-3 shi kaɗai ya yi daidai da wutar shekara ta mutum dubu 25 bisa wannan ma'auni. Zafin da hayaƙin waɗannan tashoshi ke ƙarawa duniya ba ya tsayawa a ƙasar da aka ƙona shi, kuma Sahel na cikin yankunan da sauyin yanayi ya fi taɓawa.

5. Matsayin harshe

Duk lambobin da muka kawo a kashi na 2 matsakaita ne, kuma mafi yawan tambayoyin da aka gina su a kai cikin manyan harsunan intanet ake yin su. To amma mun ga cewa wuta tana bin yawan gutsattsari. Na'ura tana koyon yankan gutsattsari daga tarin rubutun da aka ba ta: jerin haruffan da ya yawaita sai ya zama gutsure guda, wanda bai yawaita ba sai a daddatsa shi. Tun da Ingilishi ya rinjayi tarin, kalmominsa na yau da kullum kan fito gutsure ɗai-ɗai, na harsuna masu ƙarancin rubutu kuwa su fito a farfashe.

A 2023 nazari biyu sun auna wannan. Aleksandar Petrov da abokan aikinsa na jami'ar Oxford sun ɗauki jimloli iri ɗaya da aka fassara cikin harsuna wajen ɗari biyu, har da Hausa, suka samu cewa wasu harsuna na bukatar gutsattsari har ninki 15 bisa ga Ingilishi. Orevaoghene Ahia da abokan aikinta na jami'ar Washington sun nuna cewa tun da gutsure ake sayar da aikin na'urar, masu waɗannan harsuna sun fi biya, kuma amsar da suke samu ta fi rauni. Hausa ba ta cikin waɗanda suka fi shan wahala, don da haruffan boko ake rubuta ta, amma tana sama da Ingilishi.

A nan tarihin rubutunmu ya shigo. Haruffa masu ƙugiya sun shiga rubutun boko a shekarun 1930, taron Bamako na 1966 ya tabbatar da su, taron Yamai na 1980 ya nemi daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, ƙudurin gwamnati na 1999 ya tsayar da ƙa'idar Nijar. Amma tsarin lambobin haruffa na na'ura mai ƙwaƙwalwa, ASCII na 1963, don Ingilishi aka yi shi. A tsarin UTF-8 da intanet ke aiki da shi, harafin Ingilishi yana cin gurbi guda, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kuwa kowane gurbi biyu. Kalmar ƙanƙara harafi bakwai ce, gurbi tara. Wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da rarrabuwar rubutu. Kalma guda tana fitowa da kama uku: ƴaƴa a Nijar, 'ya'ya a Nijeriya, yaya a saƙonnin salula inda babu ƙugiya. A idon na'ura kalmomi uku ne, kowace da kashi ɗaya na yawan da ya kamata ya taru wuri guda, ta ukun kuma ta cuɗanya da yaya na ɗan'uwa da yaya na tambaya. Haka ƙasa da kasa, ɗaki da daki. Kowane ruɗani irin wannan yana jawo amsa marar kyau, amsa marar kyau tana jawo sake tambaya, kuma kowace maimaitawa wuta ce a can, batir ne a nan.

6. Kammalawa

Mun ga cewa "ninki goma" ya fito ne daga gwama sanarwar kamfani ta 2009 da ƙiyasin waje na 2023, kuma lambobin 2025 sun sauko da gajeriyar tambaya kusa da wat-awa 0,3, ko da yake jimlar abin da rumbunan na'urori ke ci tana hauhawa. Mun ga kuma cewa tun daga kulob na rediyo har zuwa salula, a Nijar gefen mai karɓa ne ke ɗaukar nauyin wutar labari, kuma mutumin karkara ya fi na birni biya.

Dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Idan ana son wannan matsayi ya kai ga wayar manomin Korahane, akwai aiki biyu. Na farko na injiniyoyi da hukuma ne, shi ne wanda Abdu Mumuni ya fara: wutar rana mai araha a ƙauye. Na biyu namu ne, masu nazarin harshe: tattara rubutun Hausa mai yawa bisa ƙa'ida guda, naɗar maganar manoma da makiyaya da karin harshensu na yamma da na arewa, samar da allon rubutu mai ƙugiya a kowace waya, da sake zama da takwarorinmu na Kano da Zariya da Sakkwato kan abin da taron 1980 ya bari bai ƙarasa ba. Muna kuma ba ɗalibanmu shawarar wani aiki mai sauƙin yi: su ɗauki nassi guda cikin Hausa da Faransanci da Ingilishi, su ƙirga gutsattsarinsa a na'urori dabam-dabam, da ƙugiya da kuma babu ƙugiya, su buga sakamakon cikin waɗannan shafuna.